Ranar da Baba Ya Faɗi Sunan Ɗan Farinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu ya koma ga Wanda ya ba mu aronsa. An kai shi makwancinsa a ƙauyenmu na gefen Turawa, ƙasar Karaye, kuma tun ba a dawo da makara ba na fara jin abin da ya sa nake wannan rubutu.

Ina zaune a ɗakin marigayiya Inna, mata suna shigowa suna fita. "Ya haƙuri? Ya aka ji da rashi? Allah ya jiƙansa." Ina amsawa. Sai dai kowace in ta gama sai ta sassauta murya ta ɗora da cewa, "Allah ya yafe masa abin da ya yi wa ɗansa." Ta farko na haɗiye, ta biyu na haɗiye. Da Gwaggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta faɗa tana share hawaye da bakin mayafi, sai na kasa haɗiyewa.

Na ce, "Gwaggo, me ya yi wa ɗan nasa?"

Ta ce, "Ke, rufa mana asiri, yau ranar mutuwa ce."

Na ce, "Ai shi ya sa. Yana da rai ba wadda ta isa ta faɗa a gabansa."

An san ni da baki, kuma ba a ƙasa na tsince shi ba, gadonsa na yi. A waje ma, mijina ya ce, maza ba gawar suke kallo ba, hanya suke kallo, ko Yaya, ɗan farin Baba, zai ɓullo ya sallaci mahaifinsa. Bai ɓullo ba. To tunda kowa ya faɗi nasa, ni ma zan faɗi Baban da na sani.

Malamin asibiti ne, ya yi aikin ɗakin shan magani a Karaye har ya ajiye. Kafin nan ya yi yaƙin basasa, amma ba da bindiga ba. Yana cikin masu ɗauko waɗanda aka harba, su wanke, su ɗaure, su miƙa wa likita. Ba ya ba da labarin yaƙin. Abin da ya dawo da shi kawai almakashi ne a aljihun gaba, da wata irin fitina a kan rauni mai huji.

A kawo masa wanda fartanya ta sara, jini male-male, mata suna kururuwa, za ka gan shi yana ɗinki yana tsokanar mutum a kan bai iya noma ba. Amma a kawo wanda wani abu ya soka, ɗan huji kamar ƙwayar gero, mutum yana tafiya da ƙafarsa, nan fuskar Baba take sauyawa. Maganarsa ta farko kullum ɗaya ce: "Ku juya shi." Yana neman inda abin ya fita. In bai ga mafita ba sai ya ce, "To, yana ciki, kuma ba zaman lafiya yake yi ba."

Riga kuwa ba ya jira a cire ta, keta ta yake da almakashi. Akwai wani ango daga Yammedi da ya faɗo daga bishiya kan tsinken shinge. Baba ya raba masa sabuwar shadda gida biyu, mutumin nan yana nishi yana cewa, "Malam, ta aure ce!" Baba ya ce, "Za ka yi wata. Haƙarƙarin ne babu a kasuwa."

Mu 'ya'yansa da kabewar Inna ya koya mana. Ya ɗauko wadda ta ajiye don miyar taushe, ya soka mata doguwar ƙusa, ya jujjuya, ya zare. Ya ce, "Me kuka gani?" Muka ce ɗan huji. Ya fasa ta, sai ga ciki ya dagargaje. Ya ce, "Haka harsashi yake yi, har ya fi. Ba ya tafiya miƙe. Ya ci karo da ƙashi ya kauce, ya yaga abin da ya tarar, kuma ya ja rigar mutum da dauɗarta ya shiga da su." Inna ta fito ta tarar da kabewarta a tarwatse. Ta ce, "Malam, in ka gama karatun, sai ka gaya mini me za a ci." Ya kwashe da dariya, ranar miyar kuka muka sha.

Da wanzamin garinmu sun yi zaman doya da manja, ko da yake shi yake yi masa aski. An taɓa kawo wani manomi da kibiya a cinya, bayan rigimar shanu da gona. Wanzami ya zage zai zare, wai kada dafi ya bi jiki. Baba ya riƙe masa hannu. Ya ce kibiya tana da kunne, in aka ja ta baya sai ta tsinko jijiyar da ta bari lokacin shiga, kuma a yanzu ita ce ta toshe jinin. Ya sa zarto ya rage kyauron, ya tallafe ragowar da tsumma mai tsabta don kada ta motsa, aka wuce da mutumin birni da kibiyarsa a jiki. Wanzami ya yi fushi har ya ce Baba ya nemi mai aski. Gashin Baba ya taru, wanzamin ya dawo da kansa.

Mutane suna cewa ba shi da tausayi, don ba ya ba wanda aka soka a ciki ruwa, ko zai yi ta roƙo. Ba su ga abin da na gani ba. Na ga ya zauna a ƙasa da wani tsoho da ƙahon bijimi ya farke, wanda ya san ba zai kai ko bakin titi ba. Ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, yana jiƙa auduga yana shafa masa a leɓe, yana laƙƙana masa kalmar shahada har ya cika. Da ya shigo gida bai ci tuwo ba.

Akwai kuma kunyarsa. Baba mutumin da ne, bai taɓa kiran sunan Yaya ba, don ɗan fari ne. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan." In Yaya ya shigo zaure sai Baba ya kau da kai, ya shiga gyaran carbi. Amma in an yanka kaza, cinyar takan ɓace daga kwanon Baba ta bayyana a na Yaya, kuma ba wanda ya taɓa ganin hannun da ya kai ta.

Yanzu ga abin da ake ce wa laifinsa.

Zamanin soja ne, tun ba a datse kogi ba. Yayan Baba, wato Baffa Dagaci, ya dawo daga aikin Hajji, gari ya fito tarba. A al'adarmu samari sukan buga bindigar toka sama don murna, a ɗura albarushi, a danna tsumma, ba a sa komai na kisa. Yaya yana da tasa da yake gadin gonar rogo da ita saboda gyado, aladen daji. Ashe ya ɗura mata guntayen ƙusa tun wani zuwa gona da bai yi harbi ba, ya rataye ta ya manta. Ranar tarba ya ƙara albarushi da tsumma a kai ya fito. Ina ƙofar gidan Baffa cikin masu guɗa, da goyo a bayana. Mota ta tsaya, jama'a suka yi ca, wani ya bangaji gwiwar hannun Yaya daidai lokacin da ya ja kunamar bindigar, bakinta ya sauko.

Akwai wata Bafulatana daga rugar wajen Rogo da take kawo mana nono. Ranar ta zo da ɗanta, saurayi ne sabon aure, ya tsaya kallo. Ya ce "Wash!" ya zauna a ƙasa. Sai kuma ya miƙe yana kakkaɓe riga yana murmushin kunya. Kowa ya ce, "Alhamdu lillahi, toka ce, tsumma ne ya buge shi." Aka ja shi zauren Baffa, ni ma turereniya ta shigar da ni. Uwarsa ta ɗebo nono a ludayi za ta ba shi, wanzami ya fito da ƙaho zai zuƙe abin da ya kira mataccen jini.

Sai ga Baba. Ya ture ludayin har nono ya zube, ya keta rigar. 'Yan huji ne ƙanana a ƙasan cibiya, jinin ko cokali bai cika ba. Ya ce, "Ku juya shi." Aka juya, baya lafiya lau. Ya danna cikin a hankali, saurayin ya ɗan ƙame. Ya riƙe wuyan hannunsa yana jin bugun jini, ya shafa goshinsa da ya fara gumi mai sanyi. Ya ɗago ya ce, "Tsumma ba ya yin huji irin wannan. Akwai ƙarfe a cikinsa. Birni za mu, yanzu."

Wanda bai zauna a wancan zamani ba ba zai gane nauyin maganar ba. Raunin bindiga in ya shiga babban asibiti, 'yan sanda sun shigo ke nan, kuma bindigar Yaya ba ta da takarda. Baffa, da rawaninsa da ƙamshin Makka a jikinsa, ya matso ya rage murya.

"Malam, ka san wanda ya yi harbin?"

Baba ya ce, "Na sani. Ni na yanka masa ragon suna."

"To ka yi masa magani a nan. Ga shi yana magana, yana tafiya."

"Yau yana tafiya. Hanjinsa ya huje, abin da ke ciki yana zuba inda bai kamata ba. In aka bar shi ciki zai ƙandare kamar katako, zazzaɓi ya rufe shi, mu haƙa masa kabari. Ba ni da abin da zan buɗe ciki da shi, kuma ba aikina ba ne, na likita ne."

Baffa ya ce, "To ka kai shi, amma ka ce kan tsinke ya faɗa."

Baba ya ce, "In na ce tsinke, sai su wanke bakin ciwo su ɗinke su sallame mu. Wa zai je neman ƙusa a cikin wanda tsinke ya soka?"

Inna ta fito ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita ma ba ta faɗin sunan, sai cewa take, "Malam, yaron nan! Malam, ka dubi yaron nan!" Baba bai dube ta ba, don na tabbata da ya duba da ya fasa. Ya nuna mai nono da ta durƙusa a gefe, ba ta ma gane rabin abin da ake faɗa ba, ya ce, "Ita ma yaron nan gare ta."

Akori-kurar da ta kawo kayan Baffa ita ya tare. Direba ya ce shi ba ruwansa da maganar hukuma. Baba ya tsaya a gaban motar ya ce ko a ɗauki yaron ko a bi ta kansa. Aka sauke buhunan dabino da jarkokin zamzam a ƙasa, aka shimfiɗa saurayin a kan katifa, an lanƙwasa masa gwiwoyi, Baba yana dafe da ciwon. Har yau akwai masu cewa ya wulaƙanta zamzam. Ni kuwa na ce zamzam bai taɓa samun hidima irin ta ranar ba.

An yi masa tiyata a daren, aka ɗinke hanji a wurare da yawa, aka fito da guntayen ƙusa da ƙyallen rigarsa da ya shige ciki. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ya rayu. Aka tambayi Baba wa ya yi harbin, kuma a gaban alƙali aka sake tambaya, aka ce ya faɗi suna. Yaya yana tsaye. Baba ya buɗe baki ya faɗi sunan ɗan farinsa, sunan da bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Ya ƙara da cewa kuskure ne ba ganganci ba, ya faɗa ya maimaita, amma gari ba wannan ya riƙe ba. Abin da aka riƙe shi ne, "Bai taɓa kiran sunan ɗansa ba sai da zai ɗaure shi."

Yaya ya yi zaman gidan yari na 'yan shekaru. Da ya fito bai dawo gida ba, ya zauna a Sabon Garin Rogo, ya shiga bin motocin shanu zuwa Kurmi, can Kudu. In na je wurinsa zai karɓe ni hannu biyu, amma ina ambaton Baba sai ya tashi ya fita. Baba da kansa ya taɓa wanke ƙafa ya je. Aka ce masa ba ya nan, alhali takalmansa suna bakin ƙofa. Ya juyo gida.

Gari kuwa ya juya masa baya. A ɗaura aure a gidan ɗan'uwansa, sai dai ya ji a bakin yara. Inna ta ci gaba da kai masa tuwo har ta rasu, amma hirar dare ta mutu. Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗannan masu zaginsa su ne in ƙaho ko wuƙa ta sami ɗansu suke rugowa, "Malam, taimaka!" Kuma ya tashi ya ɗauki almakashinsa. Na ce, "Baba, wallahi da ni ce ba zan je ba." Ya ce, "Shi ya sa ba ke ba ce."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na tura mijina Rogo, aka ce Yaya yana Kurmi, ba a san ranar dawowarsa ba. Baffa ya zo dubiya, ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Malam, lokaci ya yi nisa. Ka ce ka yi kuskure, a shaida, in yaron nan ya dawo mu kai masa. Abin da yake jira ke nan."

Baba yana numfashi da ƙyar, amma ya ce a tayar da shi zaune. Ya dubi Baffa ya ce, "Ina da kurakurai da yawa, Allah ya sani, ina neman gafararsa. Wannan ba ya ciki. Da za a maido ranar, motar zan sake tarewa."

Baffa ya tashi yana girgiza kai, yana cewa taurin kai har bakin kabari. Amma ni da nake jinyarsa na san ko wace mota ta tsaya a bakin hanya sai ya buɗe ido ya ce, "Wa ya zo?"

Ranar addu'ar uku, da hantsi, na ji an yi sallama a zaure. Na leƙa ta ƙofar ciki. Yaya ne, da ƙurar tafiya a jikinsa, furfura ta fito masa a gemu. Aka matsa masa ya zauna a wurin babban ɗa, yana amsa gaisuwa kansa a ƙasa. Ba a jima ba sai ga wani magidanci da sanda a kafaɗa, yara suna biye da shi. Ɗan mai nono ne. Baffa ya yi wa wani ɗansa ido, ya tashi ya tare shi a ƙofa yana raɗa masa ya dawo wani lokaci, kada a tayar da tsohon ciwo.

Ban san sanda na faɗo zauren ba. Na ce, "Wallahi ba inda za shi! Gidan ubana ne, kuma ya fi da yawa a nan haƙƙin zama."

Baffa ya ce, "Ke, ba ki da kunya? Cikin maza?"

Sai Yaya ya miƙe. Ya je ƙofa ya kamo hannun mutumin da hannu biyu, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa. Ya juyo ya ce, "Baffa, wa ya ce muku ina jiran Baba ya ba ni haƙuri?"



Ya ce, "Ni na ɗura ƙusar nan, ni na manta. Da Baba ya bi maganarku, da yau ni mai kisan kai ne, ina yawo da rai a wuyana, waɗannan yaran kuma ba a haife su ba. Kunya ce ta hana ni zuwa. Na sa mutumin da ko sunana ba ya iya faɗa ya tsaya gaban jama'a ya faɗa. Ranar da ya je Rogo ina bayan zana ina kallonsa, na kasa fitowa. Kullum ina cewa sai na dawo daga wannan tafiyar." Ya ce, "Sau ɗaya na ji sunana a bakinsa, shi ma a kotu."

Na durƙusa a gabansa, ban damu da wanda ke kallo ba. Na ce, "Yaya, kai sau ɗaya ka ji. Ranar da zai cika, Gwaggo tana nan, Baffa yana nan, ga su a tambaye su. Ya daina cewa wa ya zo. Sunanka ya yi ta kira, ƙarara, kamar yana kiranka cin abinci. Daga shi sai kalmar shahada."

Yaya ya kifa kansa a kafaɗar mutumin da ya harba, ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai musa ba.

Ban yafe wa garin nan shekarun da ya cinye musu ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba. An sa wa Yaya magana a baki, an sa wa Baba laifi a wuya, kowa yana ganin gyara yake yi. Almakashin yana wurina, Yaya ya ce shi bai cancanta ba, na ce ya yi ta jira har ya cancanta, ina ajiye masa.

Duk wanda ya san Baba, ina roƙonsa ya yi masa addu'a. Ɗan Adam ne, yana da zafin rai, yana da baƙar magana, ya ɓata wa mutane da yawa, ku roƙa masa gafarar wannan duka. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta, ya haɗa shi da Inna a inda babu sauran fushi. Amma wadda za ta shigo ɗakin nan ta ce Allah ya yafe masa abin da ya yi wa ɗansa, ta tsaya a zaure tukuna. Ɗan yana nan zaune, ta faɗa masa a ido.